Sandar da Ba Ta Gano Bam, Ba Ta Gano Cuta: Abin da Labarin ADE 651 Ya Kamata Ya Koya Maka

Ka ɗauki wata 'yar roba baƙa mai kama da mariƙin bindiga, ka maƙala mata eriya irin ta tsohuwar rediyo, wadda ke lilo hagu da dama a kan ƙusa ɗaya. Babu batir a ciki, babu wani abu da aka haɗa da lantarki. Nawa za ka saye ta? In ka ce ko naira dubu ba za ka bayar ba, to ka ji: gwamnatin Iraƙi ta sayi irin wannan abu har kan dala 40,000 guda ɗaya, ta raba wa 'yan sanda da sojoji a shingayen binciken Bagadaza, domin wai yana gano bam daga nesa. Sunansa ADE 651.

Kada ka ɗauka labarin ya tsaya a Iraƙi. Wannan sanda ta canja suna ta shiga filayen jirgin sama, ta sake canja suna ta zama mai gano ciwon hanta, ta sake fitowa lokacin korona. Shi ya sa muka zaɓe ta a yau. In ka fahimci yadda ta yaudari manyan janar-janar da ministoci, za ka fita da tambaya guda ɗaya da za ta yi maka amfani duk lokacin da aka turo maka labarin wata sabuwar na'ura a WhatsApp ko Facebook: shin an gwada ta a lokacin da mai riƙe da ita bai san amsar ba?

Daga filin wasa zuwa fagen yaƙi

Asalin abin ba shi da alaƙa da tsaro ko kaɗan. A Amurka an daɗe ana sayar da wani abin wasa mai suna Gopher, a kan kusan dala 20, wai yana nuna wa ɗan wasan golf inda ƙwallonsa ta ɓuya a cikin ciyawa. A shekarun 1990 wani kamfani a jihar Karolina ta Kudu ya fito da irinsa da sunan Quadro Tracker, ya riƙa sayar wa makarantu da 'yan sanda a matsayin mai gano miyagun ƙwayoyi da makamai. Da masana suka buɗe shi, sai suka tarar da roba fanko. A 1996 kotu ta hana sayar da shi bayan hukumar FBI ta shiga maganar.

Amma ramin ƙarya, duk da an ce ƙurarre ne, wani lokaci yana da ƙofar baya. Dabarar ta tsallaka Ingila. Wani mutum mai suna James McCormick, mai kamfanin ATSC a yankin Somerset, ya fara da sayo waɗannan abubuwan neman ƙwallo yana liƙa musu tambarin kamfaninsa. Daga baya ya ƙera nasa, ya ƙara masa jaka da kati da igiya don ya yi kama da kayan aiki.

Ka ji abin da aka ce yana iya yi. Wai yana gano abubuwan fashewa, da hodar iblis, da hauren giwa, da takardun kuɗi, har da mutane. Wai yana ji daga ƙarƙashin ƙasa, da cikin ruwa, da kuma daga jirgin sama mai nisan kilomitoci. Kowane abu da katinsa: in bam kake nema ka zura katin bam. To yaya ake shirya katin? A saka shi cikin kwalba tare da ɗan samfurin abin da ake nema, a bar shi kwanaki wai ya "sha" ƙamshinsa. Wutar da zai yi aiki da ita fa? Wai mai riƙe da shi ya riƙa jan ƙafa a ƙasa, lantarkin da ke taruwa a jikinsa ya wadatar.

A watan Janairun 2010 shirin Newsnight na BBC ya kai katin wurin Dakta Markus Kuhn na Jami'ar Cambridge. Da ya ɓare shi, abin da ya samu shi ne irin ɗan tambarin da kantuna ke liƙa wa kaya don hana sata, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan kwabbai ba. Babu abin ajiye bayani a ciki, babu abin karanta bayani. A wannan watan aka kama McCormick, kuma Birtaniya ta hana fitar da na'urar zuwa Iraƙi da Afganistan. A watan Afrilun 2013 kotun Old Bailey da ke Landan ta same shi da laifin zamba, a watan Mayu aka yanke masa shekara 10. An ƙiyasta ya tara kusan fam miliyan 50. Cikin ƙasashen da aka ambata sun saya har da Nijar. Wani ɗan Birtaniyan, Gary Bolton, mai sayar da 'yar'uwarta GT200, shi kuma ya samu shekara 7 a watan Agustan wannan shekarar.

To me ke juya eriyar?

Nan ne gizo ke saƙar, domin eriyar tana juyawa da gaske. Ɗan sandan da ke riƙe da ita ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya ga ta karkata. Abin da bai sani ba shi ne hannunsa ne ya karkata ta.

Gwada wannan da kanka yanzu. Samu zobe ko 'yar ƙusa, ka ɗaura a zare mai tsawon kamu ɗaya, ka riƙe bakin zaren da yatsu biyu. Ka yi iya ƙoƙarinka kada hannunka ya motsa. Sai ka zuba wa zoben ido, kana raya wa a zuciyarka cewa yana kewayawa. Mutane da yawa, kafin minti ɗaya, za su ga ya fara kewayawa. Ka sauya tunani ka ce gaba da baya yake yi, shi ma zai bi. Ba aljani ba ne, ba kuma maganaɗisu ba. Tsokokin hannunka ne ke yin wani ɗan motsi ƙanƙani da ba ka ji, zaren kuma yana ƙara masa girma.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Masanin sinadarai na Faransa Michel Chevreul ya yi bayaninsa a 1833, bayan ya lura cewa in aka rufe masa ido lilon yana tsayawa. A 1852 likitan Ingila William Carpenter ya ba abin suna, wato motsin da zato ke haifarwa ba tare da niyya ba. Mu kira shi motsin-zato. A 1853 Michael Faraday, wanda binciken da ya yi kan lantarki ne tushen janareto, ya gwada masu cewa ruhohi ne ke juya musu tebur. Ya sa wani abin nuni tsakanin hannuwansu da teburin, sai ga shi hannuwan ne ke fara turawa. Da ya bar su suna kallon abin nunin, tebur ya ƙi motsi.

Haka sandar McCormick take. Eriya ce doguwa a kan ƙusa mai santsi; ka ɗan karkata wuyan hannu kaɗan, nauyinta zai ja ta gefe. Idan direba ya yi wa jami'i kama da marar gaskiya, eriya ta nuna shi. Idan ana sauri, rana ta yi zafi, layin motoci ya yi tsawo, eriya ta miƙe sambal. Wato dai na'urar tana maimaita wa mai ita abin da ya riga ya zata, amma da muryar kimiyya.

Me ya sa wanda ya saya yake rantsuwa tana aiki?

Dalili na farko shi ne yadda ake nuna ta. Mai talla zai ajiye harsashi a gabanka, kana gani, ya ba ka sandar ka wuce ta gefensa. Ka san inda harsashin yake, hannunka ma ya sani. Eriya ta juya, sai ka ce gani ya kori ji. Alhali abin da ka gani zatonka ne.

Na biyu lissafi ne. A ce motoci dubu goma sun bi ta shinge a yini guda, kuma ko ɗaya babu bam a ciki, wanda haka ne a mafi yawan ranaku. Duk motar da sanda ta bari ta wuce, ta "yi daidai". Ko muciya ka riƙe, sakamakon ɗaya ne. Ranar da za a san bambanci ita ce ranar da motar bam ta iso, kuma a ranar babu damar gyara.

Na uku, an tanadi uzuri ga kowace irin gazawa. In ta nuna motar da babu komai, sai a ce ai turare ne, ko haƙorin da aka cike, ko sabulu. In bam ya wuce, sai a ce mai riƙon ne ya gaji, ko bai samu horo sosai ba, ko hankalinsa ba a kwance yake ba. Ka lura da kyau: na'urar da babu wani sakamako da zai iya nuna ta gaza, babu kuma sakamakon da zai iya nuna ta yi nasara.

Na huɗu kuwa kuɗi ne da kunya. Babban jami'in da ke kula da sashen kwance bam na ma'aikatar cikin gidan Iraƙi, Manjo Janar Jihad al-Jabiri, ya fito ya kare na'urar a gaban 'yan jarida a 2009, yana cewa shi bai damu ba ko sihiri ce ko kimiyya, muddin tana gano bam. Daga baya an ɗaure shi kan cin hanci a cinikin. Wanda kuma bai ci ko sisi ba, da wuya ya tashi ya ce miliyoyin da aka kashe an zuba su a rijiya ne.

Gwajin da yaro ma zai iya shiryawa

Abin takaicin shi ne, gano gaskiyar wannan na'ura ba ya buƙatar ɗakin bincike. Kwalaye kawai ake buƙata da mutum biyu masu riƙon amana. Ɗaya ya ɓoye abin a cikin kwali guda, ta hanyar ƙuri'a, ya fita. Mai sanda ya shigo tare da mai rubuta sakamako, dukansu ba su san inda abin yake ba. A maimaita sau da yawa. Wannan shi ne gwajin rufe-ido, kuma sirrinsa shi ne babu wanda ke cikin ɗakin da zai iya ba da alama, ko da gangan ko da kuskure.

An yi shi kuwa. A 2002 ɗakin binciken Sandia na gwamnatin Amurka ya gwada wata irinta mai suna MOLE, ya samu ba ta fi canki-canka ba. A watan Fabrairun 2010 gwamnatin Tailan ta gwada GT200 da kwalaye huɗu, sau 20. Ta dace sau 4. In da makaho aka sa ya yi ta nuni da sanda, lissafi ya nuna zai dace kusan sau 5. A 2011 a Meziko, masanin kimiyyar fiziks Luis Mochán da abokin aikinsa sun gwada ta da sojojin da suka saba aiki da ita, da kwalaye takwas. A zagayen da sojan ya san inda aka ajiye kayan, ya dace sau 4 cikin 4. Da aka ɓoye masa, sai sau 3 cikin 20. Ka ga bayanin motsin-zato ke nan a lambobi. Tun a 2008 ma James Randi, wani mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya nuna ADE 651 na aiki a irin wannan gwaji. Babu wanda ya zo karɓa.

"Ai ko ba komai tana tsorata 'yan ta'adda"

Wannan ita ce hujjar da aka fi karewa da ita, kuma ita ce ta fi haɗari. Masu wannan magana suna ganin na'urar banza ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Ba haka ba ne. Tana cinye gurbin abin da ke aiki. Jami'in da ya yarda da sandarsa ba zai buɗe but ba, ba zai leƙa ƙarƙashin mota ba, ba zai kira kare ba. Kuɗin da aka saye ta da shi, da ya isa a horar da karnuka masu yawa.

A ranar 25 ga Oktoban 2009 motoci biyu maƙare da bam suka tashi kusa da ma'aikatar shari'a da majalisar lardin Bagadaza, mutum 155 suka mutu. A ranar 8 ga Disambar wannan shekarar wasu hare-haren suka kashe fiye da 120. A lokacin shingayen birnin da wannan sanda suka dogara. Mai ƙera ta ya shiga kurkuku a 2013, amma ita tana nan a hannun jami'ai. Sai da bam ya tashi a unguwar Karrada ranar 3 ga Yulin 2016, ya kashe fiye da mutum 300, sannan Firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta.

Ɓarnar kuma fuska biyu gare ta. Mai laifi ya wuce, marar laifi ya shiga hannu. A kudancin Tailan, inda Musulmi suka fi yawa, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ruwaito yadda aka tsare mutane saboda eriya ta nuna su. A Meziko ma an gurfanar da mutane a kotu da irin wannan shaida. Kuma batun tsoratarwa, wa ake tsoratarwa? Wanda ya shirya kai hari shi ne ya fi kowa bincike a kan shingen da zai bi. Talaka mai wucewa ne kaɗai ke samun kwanciyar hankali, ita ma ta ƙarya.

A filin jirgin sama

Sandar ta kai har ƙofar filayen jirgi. A Pakistan, rundunar tsaron filayen jirgin sama ta ƙera tata da sunan Khoji, kuma 'yan jarida sun tarar ana amfani da ita a filin jirgin Jinnah na Karaci a 2014, shekarar da 'yan bindiga suka kai wa filin hari. A 2015, bayan faɗuwar jirgin fasinjan Rasha da ya tashi daga Sharm el-Sheikh da mutum 224, an ga masu gadin wasu otal-otal na garin suna zagaya motoci da irin wannan eriya.

Domin ka ga bambanci, duba yadda na'urar gaskiya take. Wataƙila an taɓa goga wani ɗan ƙyalle a jakarka a filin jirgi, aka zura shi a cikin wani akwati. Akwatin yana ɗumama ƙyallen, ya mayar da ɓurɓushin da ya kwaso tururi, ya ɗora wa ƙwayoyinsa cajin lantarki, sannan ya auna tsawon lokacin da kowace irin ƙwaya ke ɗauka ta ratsa wani ɗan bututu. Kowane sinadari da irin saurinsa. Me ya sa sai an goga? Saboda manyan sinadaran fashewa irin su RDX da PETN kusan ba sa fitar da tururi a iska. In na'ura mai cin wuta, mai tsada, sai ta taɓa jakarka kafin ta ji su, yaya roba fanko za ta ji su daga kilomita guda?

Amma kada ka ɗauka duk abin da ke filin jirgi ya tsallake zargi. Masanin tsaro Bruce Schneier yana kiran wasu matakan da wasan kwaikwayon tsaro, wato abin da ke sa ka ji kana cikin aminci ba tare da ya ƙara maka amincin ba. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta sayi sama da injuna 200 masu hura wa fasinja iska don shinshina ɓurɓushin bam, a kan kusan dala miliyan 30. Ƙura da laima suka riƙa lalata su, aka kwashe. A 2013 ofishin binciken ayyukan gwamnati na ƙasar ya ce an kashe kusan dala miliyan 900 a shirin gano mugu ta hanyar kallon fuska da motsin jiki, alhali nazarce-nazarce sun nuna mutum ba ya fin canki-canka da wani abin kirki wajen gane maƙaryaci ta haka. A 2015 kuma jami'an sirri suka yi yunƙurin shigar da makamai da bama-baman gwaji sau 70, suka yi nasara sau 67.

Abin kunya ne, babu shakka. Amma ka lura da inda lambobin suka fito: gwamnatin ce ta aika mutanenta su gwada shingenta ba tare da masu gadin sun sani ba. Gwajin rufe-ido ke nan. Sakamakon ya fito, shugaban riƙo na hukumar ya rasa kujerarsa. Tsarin da ake gwadawa yana iya faɗuwa ya tashi. Wanda aka hana gwadawa, sai gawawwaki ne ke ba da sakamakonsa.

Da sanda ta sa rigar likita

A watan Fabrairun 2014 rundunar sojin Masar ta kira taron manema labarai ta gabatar da na'urori. Ɗaya, C-FAST, eriya ce a kan mariƙi, wai tana nuna mai ciwon hanta nau'in C daga nesa ba tare da ɗibar jini ba. Ɗayar kuma wai tana warkar da ciwon hantar da ƙanjamau gaba ɗaya. Manjo Janar Ibrahim Abdel-Atti ya ce yana cire ƙwayar cutar daga jikin majiyyaci ya mayar masa da ita abinci, kamar ƙofta, wato irin naman nan da ake niƙawa a gasa a tsinke. Essam Heggy, masanin kimiyyar da ke ba shugaban riƙon ƙwarya shawara a lokacin, ya kira abin da abin kunya ga ƙasar. An sa ranar 30 ga Yuni za a fara jinyar jama'a. Da ranar ta matso aka ɗaga, daga nan maganar ta bi ruwa.

Ka san me ya sa mutane suka yi ta rububin yarda? A wancan lokacin Masar na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in C ya fi yi wa illa a duniya, kusan mutum ɗaya cikin goma na manya. Babban dalili shi ne gangamin allurar maganin tsargiya da aka yi tsakanin shekarun 1950 da 1980, ana maimaita sirinji ba tare da tsabtace shi yadda ya kamata ba. Mai neman sauƙi ba ya tambayar hujja, kuma a nan 'yan damfara ke cin kasuwa.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren labarin, wanda ya kamata ka riƙe. A Disambar 2013 aka amince da maganin sofosbuvir a Amurka, bayan an gwada shi a kan majiyyata, an auna ƙwayar cutar a jininsu kafin sha da bayan sha. Farashinsa a can a lokacin dala 84,000 ne na mako 12. Masar ta yi ciniki ta same shi a kan kusan dala 900, daga baya kamfanoninta suka riƙa yin irinsa da araha. A 2018 ta ƙaddamar da gangamin gwajin jini na ƙasa baki ɗaya. An gwada fiye da mutum miliyan 60, an yi wa fiye da miliyan 4 magani. A watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, shekara ɗaya aka fara. Eriya ba ta warkar da kowa ba.

Duk da haka sandar ba ta mutu ba. A watan Afrilun 2020 shugaban dakarun juyin juya halin Iran, Hossein Salami, ya nuna wata na'ura mai eriya, Mustaan, wai tana gano korona daga nisan mita 100 cikin daƙiƙa biyar. Ƙungiyar masana fiziks ta ƙasar ta yi watsi da maganar.

Kai fa, a ina za ka gamu da ita?

Ba lallai ta zo maka da eriya ba. Ka san irin 'yar na'urar nan da ake jonawa da kwamfuta a wasu shaguna da tarukan tallar magani, a ce ka riƙe wani ɗan ƙarfe na minti ɗaya, sai ga shafuka sun fito wai an duba hantarka, da ƙodarka, da ƙashinka, da jininka? Galibi wanda ya yi maka gwajin shi ne kuma mai sayar da maganin abin da aka "gano". Ba sai ka yi musu da kowa ba. Ka nemi a gwada mutum ɗaya sau biyu, a sauya suna da shekaru a karo na biyu, a kwatanta takardun. Ko a kawo mutum goma da asibiti ya riga ya auna sukarinsu, mai na'urar bai san su ba, ya ware masu ciwon. In ya ƙi, ya ba ka amsa.

Haɗarin iri ɗaya ne da na Bagadaza. Mai hawan jini ko ciwon hanta da aka ce masa lafiyarsa ƙalau, shi ne motar da aka ɗaga wa shinge. Lafiyayyen da aka ce ƙodarsa ta taɓu, shi ne wanda aka tsare ba laifi, sai dai shi aljihunsa ne ke zaman kurkukun.

Masu yaɗa labaran fasaha su ma da laifinsu. Sau da yawa labarin "an ƙirƙiro" sanarwar kamfani ce ko ta hukuma aka juya, aka ɗora hoton mutum da kaki ko farar riga. Don haka in irin wannan labari ya iso wayarka, kafin ka tura wa 'yan'uwa, yi masa waɗannan tambayoyi. Wa ya gwada, kuma yana da riba a cinikin? Mai gwajin ya san amsar tun farko? Sau nawa aka gwada, sau nawa ta faɗi, kuma nawa canki-canka zai bayar? Idan ta gaza, wa ake ɗora wa laifi, na'urar ko mai riƙe da ita? Sannan wane abu mai aiki za a ajiye saboda ita? Ka ƙara da wannan alama: duk abin da aka ce yana gano komai, daga bam har hauren giwa, ko yana warkar da komai, daga basir har ƙanjamau, to biri ya yi kama da mutum.

Shakka irin wadda muke nufi ba ƙin yarda da komai ba ce. Wanda ke ƙaryata duk abin da ya fito daga ɗakin bincike bai fi wanda ke gaskata duk abin da ya gani a Facebook ba, domin dukansu ba su nemi hujja ba. Ma'aunin da ya kayar da ADE 651 shi ne ya tabbatar da sofosbuvir. Ba kakin mai magana za ka duba ba, ba kuma tsadar kayan ko ƙasar da aka ƙera su ba. Ka nemi a kawo kwalaye, a ɓoye abin, a fitar da wanda ya sani daga ɗakin, sannan a ƙirga.